Haƙoran Ɗayyabu Magini

A Kwaren Ƙirya, wani ƙauye da ke maƙale a gindin dutse, tafiyar hantsi daga Ibohamane, babu wanda ya tashi bai san Ɗayyabu ba. Maginin rumbu ne. Kakanninsa sun noma wa Buzaye gero suna zubawa inda aka ce su zuba. Shi kuwa ya tashi a zamanin da talaka ya fara cewa hatsinsa nasa ne, sai ya koyi gina wa hatsin ɗaki. Daga Keita har Buza an san hannunsa: rumbun laka mai ƙaton tumbi da ɗan ƙaramin baki a sama, a ɗora bisa duwatsu don gara da ɓera. In kaka ta wuce sai a yi ta aiko masa. Yakan yi kwana goma ko ashirin a gari guda, yana ɗora laka zobe bisa zobe, yana jiran rana ta busar.

Mai rumbu ne ke ciyar da magini, kuma duk wanda ya kira Ɗayyabu ya san abin da ya janyo wa matansa. Mutum ne mai ci. A Azarori an daɗe ana ba da labarin ranar da ya zauna shi kaɗai ya gama da cinyar tunkiya, ya farfasa ƙasusuwan da haƙora, ya tsotse ɓargo, sannan ya tambaya ko akwai sauran hura. Ba ya jin kunyar wannan. Yakan ce wanda zai wuni yana hawa da sauka da laka a kai, dole cikinsa ya yi nauyi.

Shekara guda kafin zuwan fara, dutsen da ya taka a jikin wani rumbu ya zame. Ya faɗo da fuska. Haƙoran gaba huɗu suka tafi a ranar, aka yi masa gashi, aka yi ta tsokanarsa da wawulo, shi ma yana dariya. Ai turamen ciki suna nan.

Sai fara ta zo, a shekarar da Nasara ke kira 1931, ta cinye gero tun yana ɗanye. Garin ya sha wuya, mutane da yawa suka mutu, har da 'ya'yan Ɗayyabu biyu. Shi ya tsira, amma yunwar ta bar masa ciwo a baki. Dasashinsa ya kumbura, yana jini in ya tauna abu, haƙoran suka fara girgiza ɗaya bayan ɗaya. In zogi ya hana shi sukuni sai ya je wurin wanzami, a danne masa kai tsakanin gwiwoyi, a sa awartaki. Cikin shekara shida haƙora uku suka rage masa, biyu a sama ɗaya a ƙasa, kuma babu wanda ke haɗuwa da ɗan'uwansa.

Bai taɓa gaya wa matarsa Kaltuma cewa tauna ta gagare shi ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Shekara arba'in suna tare, ta gani da idonta. Sai ta shiga tankaɗe gari sau biyu. Tuwonsa takan kwashe shi tun yana da ruwa-ruwa, ta ninka miyar kuka. Hurarsa takan dama ta har babu gudaji ko ɗaya, ta tace. Ranar kasuwa in an samo ɗan nama, sai ta dafa shi ya yi ligif, ta kirɓa a turmi, ta zuba a gefen akushin da zai fuskance shi. Da magariba in maza sun fito da akusansu ƙofar masallaci don ciyayya, Ɗayyabu yakan zauna daidai nasa, ya ci ya ƙoshi, babu wanda ya gane komai.

Kaltuma ta rasu da daminar 1938. Zazzaɓi ne na kwana uku.

Girki ya koma hannun Biba, matar Inuwa, ɗansa ɗaya da ya rage. Biba 'yar wajen Buza ce, doguwa, mai ƙarfi, marar yawan magana. A gidansu an koya mata tuwon da namiji zai ci ya wuni a gona bai nemi wani abu ba, mai tauri, wanda sai an sa ƙarfi a gutsura. Hurarta ma da tsaki-tsaki, irin wadda matasa ke so don tana riƙe ciki. Babu laifi a girkinta. Inuwa yakan ci ya lashe hannu.

Ɗayyabu ya yi niyyar ya yi wa ɗansa magana. Yau ne, gobe ne, nauyin abin ya hana shi. Yaya uba zai kira ɗansa ya ce masa tuwon matarka ya fi ƙarfin bakina? Yana cikin wannan jinkiri, bayan kakar 1939, aka zo ɗibar soja. Maigari ya tara samari a fili, aka duba ƙirji da haƙora, aka ware shida. Inuwa na cikinsu. Ya tafi ya bar Biba da ciki wata huɗu.

Gidan ya rage su biyu, suruki da suruka, kuma tsakaninsu akwai kunyar da kowa ya sani. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta ci a gabansa, shi ma ba ya ci a gabanta. Da safe takan durƙusa a nesa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. In abinci ya yi, ta ajiye akushi a bakin ɗakinsa, ta ce, "Ga shi nan, Baba," ta juya. Iyakar maganarsu ke nan.

Ya ci gaba da fita ciyayya. Amma a can ba a jiran kowa. A buɗe akushi, hannuwa shida su shiga, kafin ya gama mulmula loma ɗaya a baki yana jiran ta jiƙe, an kai ƙasa, an janyo na gaba. Ga shi hannunsa na dama ya fara rawa, miya na zuba a gemunsa. Wata rana ya gaji da zama na ƙarshe, ya haɗiye loma yadda take. Ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya yi ta tari, idanu suka firfito, aka riƙa dukan bayansa har ta fito ta faɗa cikin akushin da ake ci. Wani ya sa hannu ya kwashe wurin ya yar, aka ci gaba. Amma Ɗayyabu ya ga mutum biyu sun janye hannu sun ce sun ƙoshi.

Daga ranar bai sake fita da akushi ba. Ya ce sanyin yamma na taɓa masa ƙirji.

A ɗaki ya sami dabara. Yakan zuba ruwa a tuwon, ya dama da yatsu, ya sha. Hura kuwa ya bar ta ta kwanta, ya tsiyaye ruwan sama, ya bar tsakin. Ba ya ƙoshi, amma yana raye. Aikin gini ya riga ya bari, don ƙafa ba ta hawa. Ramar da ya yi, mutane suka ce tsufa ne da kewar ɗa. Biba ta haifi 'ya mace, aka sa mata Zahra. Shekara biyu suka wuce a haka.

Daminar 1942 ba ta yi kyau ba a wajensu. Ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai. Ɗan abin da aka samu ma, aka ce kowane gari sai ya kai kaso saboda yaƙin da ake yi a can ƙasar Nasara. Kafin tsakiyar rani rumbun gidan ya koma sai ƙaiƙayi. Biba, wadda ita kaɗai ta noma gonar da goyo a baya, ta shiga bin mata zuwa kan dutse ɗibar 'ya'yan anza. Anza ɗaci gare ta kamar maɗaci, kuma tana kisa in ba a gyara ta ba. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa, sannan a dafa, ta zama abin da ake kira dilo, a ci kamar wake. Ga rijiya ta yi nisa, ta yi zurfi. Biba takan fita da sassafe, ta dawo rana tsaka, ƙafafunta duk kaushi da ƙaya.

Dilo ba ya damuwa da yatsu. Ɗayyabu ya jiƙa, ya matsa, ya danna da dasashi har jini ya fito, ƙwayoyin suna nan yadda suke. Ya gwada haɗiye su ɗaiɗai da ruwa, cikinsa ya murɗa kwana biyu, suka fita kamar yadda suka shiga. Dambun dusa kuma, ranar da aka samu, yana liƙe masa a wuya ya sa shi tarin da ke kusan ɗauke numfashinsa.

Ya rasa yadda zai yi da akushin. In ya mayar da shi cike, yarinyar za ta ce ya raina wahalarta. In ya ce ta cinye, sai ya faɗi dalili. Sai ya riƙa shanye ruwan dahuwar, ya juye sauran cikin wata tsohuwar randa da ke bayan shimfiɗarsa, ya rufe da faifai, ya turo akushi waje wayam. Kullum yana gaya wa kansa gobe zai san abin yi. Kwana tara yana haka, a cikin garin da yara ke tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi.

Wari ne ya tona shi. Ranar Juma'a ya lallaɓa masallaci, Biba ta shiga share ɗakin, ta ɗaga faifan. Da ya dawo ya tarar da randar a tsakar gida, ƙudaje sun rufe ta, Biba na zaune a gindin turmi ta haɗa kai da gwiwa. Ba ta ɗago ba. Shi ma ya wuce ɗaki ya zauna.

Ba ta zo wurinsa ba. Gidan Ɗangana ta tafi, tsohon abokinsa tun na ƙuruciya, wanda suka yi kaciya rana ɗaya. Can sai ga Ɗangana ya shigo yana dogara sanda, ko sallama bai yi ba.

"Kai Ɗayyabu, mi yarinyar ga ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komi ba."

"Tana can tana kuka. Ta ce ko kana zaton tana sa maka wani abu cikin abinci. Ta ce in hakanan ne a maida ta gidansu. Kwana tara, Ɗayyabu! Ka san nisan da take tahiya kahin ta cika ƙwarya guda?"

Ɗangana ya matso, ya ce, "Ko ka hwaɗa mini ko in tara maka mutane."

Sai Ɗayyabu ya kama hannun abokinsa, ya buɗe baki, ya sa yatsan Ɗangana a ciki ya bi da shi bisa dasashin, sama da ƙasa. Ɗangana ya janye yatsan ya duba, da jini a jiki.

"Tun yaushe?"

"Tun Kaltuma na da rai."

"Shekara huɗu kana zaune da yunwa, ka kasa buɗe baki ka hwaɗi?"

"Wa zan hwaɗa ma? Matar ɗana?"

Ɗangana ya fita. Ɗayyabu ya ji muryarsa ƙasa-ƙasa a tsakar gida. Bayan ɗan lokaci inuwa ta tare ƙofar ɗakin. Biba ce ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ba shi gefe, tana kallon ƙasa.

"Baba, ku gahurta mini. Ban sani ba."

"Ɗiyata, ba laihinki ba ne."

"Da kun aiko an gaya mini. Ni ba ni duban bakinku, ina zan gani?" Ta share fuska da bakin zane, ta ce, "Yanzu mi ke wucewa, mi ba ya wucewa? Ku hwaɗa mini duka. Kunya ta ishe mu hakanan."

Ya faɗa mata. Yana magana yana kallon bango, kamar mai ba da labarin wani mutum daban.

Tun daga ranar, in ta dafa dilo sai ta ɗebi nasa ta kai kan dutsen niƙa, ta niƙa, ta dama, ta tace da tsumma, ta sake ɗorawa a wuta ya zama kunu. Ta lura hannunsa na zubar da rabin ludayi kafin ya kai baki, sai ta riƙa zama tana tallafe masa ƙwaryar, fuskarta a juye. Mata suka yi ta magana a bakin rijiya, wai suruka na zama ɗakin suruki. Ba ta kula ba.

Sai dai gyaran ya zo a makare. Cikin da ya daɗe a ƙulle ya daina neman abinci. Harshensa ba ya bambanta ɗaci da gishiri, komai kamar toka yake ji. Kurɓa biyar, shida, sai ya ji ya cika, in ya matsa ya amayar. Ƙafafunsa suka kumbura, in an danna yatsa sai ramin ya tsaya. Kuma yana daga kwance yana jin ƙarar dutsen niƙa, gurr, gurr, da rana tsaka, lokacin da sauran mata ke hutawa ko suka koma kan dutse ɗiba ta biyu. Yana jin Zahra na kuka, kukan da ba shi da ƙarfi. Ya san lokacin da ake kashewa a kan kununsa daga bakin yarinyar ake cire shi.

Da bazara ta matso, mutane suka fara barin gari suna yin kudu, wajen Gobir da Sakkwato, inda aka ce akwai dawa. Yayan Biba, Abubakar, ya biyo da jaki ɗaya zai tafi da ita. Ta ce ba ta tafiya ta bar tsoho. Abubakar ya ce jakin ba zai ɗauki tsoho da kaya da yarinya ba, kuma ko ya ɗauka, mutumin da ba ya iya zama ba zai kai Madawa da rai ba. Suka yi ta jayayya a tsakar gida. Ɗayyabu yana ji.

Ya kira ta. Bai taɓa kiranta ba sai ranar.

"Ɗiyata, ki bi yayanki."

"Wa zai niƙa muku?"

"Cima ta ce za ta yi. Mun gama magana da Ɗangana."

Cima matar Ɗangana ce, tsohuwa ce ita ma, idonta ɗaya ya mutu, hannuwanta sun ƙage da sanyin ƙashi. Biba ta sani. Ta ce, "Inna Cima ba ta iya ɗaga ɗan dutsen niƙa."

"Ba shawara nike ba ki ba. Ɗana ya bar mini ke da abin da ke cikinki a lokacin. In ya komo ya tarar na cinye rabon ɗiyarshi, da wane ido zan dube shi? Tashi ki ɗaura kaya."

Ta kwana biyu tana niƙa kafin ta tafi. Ta shanya garin, ta cika ƙwarya babba, ta kai wa Cima, ta nuna mata yadda ake tacewa. Da safen tafiya ta durƙusa a bakin ƙofarsa ta daɗe. Ya sa mata albarka, ya ce a miƙo masa Zahra, ya shafa kanta. Yarinyar ba nauyi, kamar kaza.

Garin da Biba ta bari ya yi kwana goma sha biyu. Bayan nan Cima ta yi iyakar ƙoƙarinta. Takan jiƙa dusa ta tsiyaye ruwan ta kawo masa, wata rana da ɗumi, wata rana da sanyi, wata rana ta manta, don ita ma yunwar ta fara taɓa mata kai. Ɗangana yakan zo da hantsi ya zauna a bakin ƙofa, su yi hirar mutanen da suka mutu. Da ruwan farko ya sauka aka samu ganyen tafasa, garin ya ɗan farfaɗo, amma ganye ma sai da tauna. Ɗayyabu ya daina tashi salla, yana yi daga kwance. Ba ya jin yunwa kuma. Abin da ke damunsa ƙishirwa ce, ga ruwa ya fara sarƙe shi.

Bayan wata biyu da kwana shida Biba ta dawo, a ƙasa, ita kaɗai. Ta bar Zahra wurin matar yayanta, ta yi aikin daka a gidajen mutane har ta tara dawa, ta ɗauko a ka. Ba ta ko sha ruwa ba ta hura wuta. Ta surfa, ta niƙa, ta tace sau biyu, ta dama kunu mai kyau, fari, irin wanda ba a gani ba a garin tun kaka. Ta shiga ɗakin, ta ɗago kansa ta jingina a kafaɗarta.

Ya gane ta. Ya ce, "Ina yarinyar?"

"Tana lahiya, Baba. Ta yi ƙiba. Tana gudu."

"Alhamdu lillahi."

Ta kai ludayi bakinsa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya yi ƙoƙari, maƙogwaron ya motsa amma bai buɗe ba. Kunun ya dawo ta gefen baki da hanci. Ta goge, ta sake gwadawa da ɗan kaɗan. Haka. Ta ƙara ruwa har ya zama kamar ruwan wanke ƙwarya. Haka. A ƙarshe ta tsoma tsumma mai tsabta a ciki tana matsa masa a harshe, ɗigo ɗigo.

Ya kwana uku a haka. Ranar ta huɗu, da la'asar, Ɗangana na gefensa yana laƙƙana masa kalmar shahada, ya cika. Mutum huɗu suka ɗauki makarar, ko da yake biyu ma sun isa. Sauran dawar Biba ta raba biyu, ta kai wa Cima rabi, ta yi sadakar uku da rabi.

Ba ta koma kudu ba. Ta shuka gonar a makare, ta samu abin da ta samu, da kaka aka kawo mata Zahra. Ɗangana bai ga wata damina ba. Inuwa ya dawo a 1946 da ɗingishi a ƙafar hagu da wata tsohuwar rigar soja. Cikin shidan da aka ɗiba su uku suka komo. Mutane suka yi masa gaisuwa, suka ce tsoho ya cika da kyau, tsufa ne, kwana ya ƙare. Ya tambayi Biba ko ubansa ya sha wuya. Ta ce ya sha. Ya jira ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba, sai ya tashi ya ce a nuna masa kabarin. Aka rasa wanda zai iya cewa ga shi, don a shekarar an binne mutane da yawa a jere, kuma ruwa ya baje ƙasar. Ya tsaya a tsakiyar wurin ya yi addu'a ga dukansu.